Tagullar Kan Kabarin Vaosa

Tsakanin madafata da barandar Esekia taku goma sha biyu ne. Shekara talatin da ɗoriya muna maƙwabtaka a Fagamea, ƙauyenmu na bakin teku a Samoa ta Amurka, kuma a duk shekarun nan ban taɓa barinsa ya kai ƙarshen magana ban sa baki ba. Shi ya ce surutuna ya ishi gida biyu, don haka bai ga dalilin ɓata nasa yawun ba. Sunana Fuatino. Aji huɗu na yi na bar makaranta, fanke nake soyawa ina sayar wa masu jiran bas ɗin zuwa Pago. Esekia kuwa magini ne, ko in ce magini ne a da, kafin gwamnati ta mai da shi mai gadin teku. Ni na sa masa wannan sunan, ya kuma bi shi har yau.

Matarsa Vaosa ƙawata ce. Da ta rasu, a ƙofar gida ya binne ta kamar yadda kowa yake yi a nan, inda za a zauna a kanta da yamma a sha iska, yara su shanya littattafai, kare ya kwanta. Sai dai Esekia bai yi mata kabari irin na mutane ba. Ya yi ta haƙa har ya taɓo dutse ta wajen kai, ya ɗaure rodi kamar mai gina bene, ya zuba kankare mai kaurin kamu biyu a sama.

Na ce masa, "Tsoho, tsoro kake kada ta tashi ta dawo ta ga yadda ka bar gidan?"

Ya ce, "Ba na son ya tsage."

Bai tsage ba kuwa. Shi ne ma ya jawo mana duk abin da zan faɗa.

Shekara guda bayan nan wasu mutane suka sauko daga mota da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa. Ma'aikatan awon teku ne. Suka kafa wani dogon katako mai lambobi, kamar rular 'yan makaranta, a jikin matsayar jiragen ruwa, suka ɗaura masa akwati mai sola a sama. Suka ce suna son sanin inda ruwa yake kaiwa in ya ciko da inda yake tsayawa in ya janye, kullum, har shekara goma sha tara. Na tambaye su me ya sa ba ashirin ba, a huta. Suka ce wata ne yake jan teku, kuma shekara goma sha tara yake ɗauka kafin ya gama duk yawonsa ya dawo inda ya fara. In ba a cika su ba, ba a san gaskiyar ruwan ba. Na ce ashe wata ma irin mazan ƙauyenmu ne.

Amma matsayar jirage motsi take yi. Igiyar ruwa na dukanta, jirage na gogarta. Saboda haka sai an sami abin da ba ya motsi a kan tudu, a binne masa wata 'yar tagulla mai faɗin bakin kofi, duk shekara a zo a gwada katakon da tagullar, a ga ko ya goce. In babu tagullar, lambobin katakon ba su da uba, ba wanda zai san daga ina aka fara ƙirga. Tagulla huɗu suka sa a garin. Ɗaya a matattakalar coci, ɗaya a gindin kantin bakin hanya, ɗaya a kafaɗar 'yar gada. Ta huɗun suka yi ta yawo suna bubbuga kankaren mutane da guduma, har suka zo kan Vaosa. Babbansu ya buga, ya saurara, ya sake bugawa, ya ce a duk tsibirin bai ji kankare irin wannan ba.

Saufoi, yayan Vaosa, shi ne matai, wato shugaban zuri'arsu, kuma ƙasar da gidan yake kai ma ta zuri'ar ce. Ya ce ba a taɓa yi ba. Esekia ya zauna a gabansa a tabarma, kai a ƙasa, ya ce, "Yaya, ka san ƙanwarka. Ba abin da ta fi so kamar ta riga kowa jin labari. A bar mata wannan."

Saufoi ya yi dariyar da bai shirya ba, ya ce a sa ta ta wajen kai, a kusurwa, kada ta rufe sunan.

Tun ranar Esekia ya ajiye cokalin gini. Suka ba shi makullin akwatin da littafi mai bango kore. Safe da la'asar zai ɗaura zaninsa, ya saƙala fensir a kunne, ya gangara matsaya, ya tsaya yana kallon ruwa yana hawa da sauka a jikin katakon, ya rubuta. Ya goge kashin tsuntsu daga kan solar, ya kankare 'yan katantanwar da suke manne wa bututun da ya sauka daga akwatin zuwa cikin ruwa. Akwatin ma yana aika nasa lambobin ta sama, amma wai sai an gwada da idon mutum. Lahadi ce ta so ta zama rigima, don a garinmu ko tsintsiya ba a ɗagawa ranar. Aka kai maganar gaban fasto. Fasto ya yi tunani ya ce kallo ba aiki ba ne, rubutu ne aiki. Don haka ranar Lahadi Esekia zai gangara cikin fararen kayansa, ya kalla, ya riƙe lambobin a kansa, sai Litinin ya rubuta. In na gan shi yana dawowa leɓɓansa na motsi, sai in tare shi in ce, "Mai gadin teku, shekarar jikata nawa ne ma? Bakwai ko tara? Ko goma sha ɗaya?" Ya ratse ni kamar bai ga mutum ba.

Tagullar nan uku ba su yi tsawon rai ba. Girgizar ƙasar nan da ta turo mana teku cikin gari ta kwashe kantin har gindinsa. Masu gyaran hanya suka rushe gadar suka sa kwalbati. Ta cocin kuwa mu da kanmu muka kashe ta, lokacin da aka faɗaɗa ginin aka fasa tsohuwar matattakalar aka shimfiɗa tayil. Duk shekara ana cewa za a kawo sababbi, ba a kawo ba. Ta kan Vaosa kaɗai ta rage.

Bayan girgizar ne kuma ƙasarmu ta fara nutsewa. Ba a gani da ido a rana ɗaya. Layin kwakwar da ke bakin ruwa ne ya fara tafiya, bishiya bayan bishiya. Sai garken aladen Esekia. Sai gwazar da ke kwari ta fara rawaya don gishiri. Da aka zo sake gina makaranta, lambobin littafin nan kore ne suka sa aka kai ta kan tudu, wannan kam ban hana shi ba. Amma ni ban buƙaci littafi ba. Da, in na watsa ruwan wanke-wanke, kaji ne suke zuwa. Yanzu ƙaguwa ce.

A shekara ta goma sha takwas ruwa ya fara taɓa shingen furen da ke gaban kabarin in ya yi babbar cikowa. Saufoi ya tara zuri'a a watan Agusta. Ni ba 'yar zuri'ar ba ce, amma ni na kai shayi, kuma ban ga dalilin saurin fita ba.

Saufoi ya ce, "An gama magana da fasto. Za mu tono ta, a wanke ƙasusuwan, a kai ta tudu kusa da iyayenmu. Kafin manyan cikowar Fabrairu nake so a gama."

Esekia ya ce, "Ban ƙi ba, Yaya. Ni zan gina sabon da hannuna. Abu ɗaya ne. Ba a kai gare ta sai an fasa kankaren, in an fasa kuma tagullar ta motsa. Akwai wata yarinya a ofishin Honolulu, Keala, ita ke zuwa gwaji yanzu. Ta ce za ta zo a Oktoba da na'urarta ta ɗauke awon daga kan tagullar ta mai da shi wani dutsen. Aikin yini ɗaya ne. Tana gamawa, a kawo guduma."

"In ba a ɗauke ba fa?"

"Shekara goma sha takwas sun tafi a banza."

Saufoi ya ce Oktoba ba nisa.

Abin da ba mu sani ba, ashe aikin nan gaba ɗaya a kan wata doka yake tsaye, dokar kuma tana da wa'adi kamar maganin asibiti. Majalisar can Amurka ce take tsawaita ta duk bayan 'yan shekaru. Wa'adin ya cika a ƙarshen Satumba. An kai ƙudurin tsawaitawa, yana nan a layi. Mu kuma kujerar da muke da ita a zauren ta magana ce, ba ta ƙuri'a ba.

Esekia ba ya ji sosai, don haka a bayyane yake sa wayarsa, ni kuma ina da kunne. Ina goge kwakwa na ji muryar Keala.

"Baba Esekia, ka yi haƙuri. An soke tafiyar. An ƙara mana kwana arba'in da biyar kawai kafin a zauna a kan dokar, kuma a irin wannan ƙarin ba a yarda kowa ya hau jirgi. Akwatin zai ci gaba da aiki, kai ma ka ci gaba da rubutu."

"To yaushe?"

"Da zarar ta wuce. Kowa na goyon bayanta, ba mai faɗa da ita. Lokaci ne kawai ba a ba ta ba."

Da ya ajiye wayar na ce, "Ka ji ko? Ba mai ƙinta, ba mai aurenta. Irin 'yar ƙanwata ke nan."

Bai ko ɗaga kai ba.

Kwana arba'in da biyar suka cika, aka ƙara zuwa jajibirin Kirsimeti. Kirsimeti ta zo, aka ƙara zuwa ƙarshen Janairu. Esekia da bai taɓa damuwa da labarai ba ya koma rungume da rediyo. Ya san sunayen kwamitoci, ya san ranar da suke hutu. Hutunsu kuwa ya fi na 'yan makaranta yawa. Tsakanin awon safe da na la'asar sai ya hau tudu ya yi aikin sabon kabarin, ya sauko ya cika buhunan shinkafa da yashi yana jerawa a gaban tsohon. Ya ɗauko duwatsu daga bakin rafi a baro. Mutum mai shekara sittin da takwas. Kowace babbar cikowa ta warware abin da ya jera, washegari ya sake jerawa. Ya rame har zaninsa ya koma zagaye shi sau biyu. Ina kai masa fanke ya ce in ajiye, in dawo in tarar tururuwa sun riga shi.

'Yarsu Tusiata tana aiki a masana'antar kifin gwangwani a Pago, ranar Asabar take zuwa. Wata Asabar a Janairu ta sauko daga bas ta tarar da shi cikin ruwa har gwiwa yana tura buhu. Ta ajiye jakarta a kan kabarin ta tsaya.

"Baba, fito."

"Saura biyu."

"Baba, mamata ce a ƙarƙashin nan, ba gwamnati ba. Su wa kake wa gadi? Mutanen da ba su san ana wani gari Fagamea ba?"

Ya fito yana ɗiga, ya zauna a gefen kankaren. Ya ce, "Ba don su ba ne. Kowace safiya shekara goma sha takwas ina tashi in je in duba. In aka fasa yau, to me na yi ke nan tun da ta tafi?"

Tusiata ta juyo gare ni. "Gwaggo, ke da ba kya rasa magana, ki gaya masa mana."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ku zo ku ci abinci." Ba wanda ya zo.

A ƙarshen Janairu Saufoi ya aiko cewa ya sa rana, Asabar ta farko a Fabrairu. Esekia ya ɗaura zaninsa mai kyau ya tafi gidansa, ni kuma na tuna ina da kwanon da zan karɓo a wajen matar Saufoi.

"Yaya, mako biyu nake roƙo. An sa ranar ƙuri'a, sha ɗaya ga wata. Keala ta ce jakarta a ɗaure take."

"Haka ka ce a Oktoba."

"Haka na ce."

"Haka ka ce a Disamba."

"Wannan karon an rubuta ranar."

Saufoi yana da ikon ya ce a'a, ba kuma mai ɗaga masa murya. Ya dubi mijin ƙanwarsa, ya ga yadda wuyansa ya zama, ya ce, "Kai ne masanin ruwa. Kankaren zai kai?"

"Kankaren zai kai."

Saufoi ya ba shi mako biyun. Gaskiya Esekia ya faɗa. Kankaren ya kai. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ba wanda ya tambaya.

Ranar sha ɗaya ta zo, aka ɗaga ƙuri'ar, wai wata rigimar da ba ta shafi teku ba ta cinye zaman. Ranar Laraba ta makon, da la'asar, babbar cikowa ta haɗu da igiyar wata guguwa da ta wuce can nesa. Ko iska babu, rana tana haske. Ruwan ya dinga zuwa ne kawai, kowace igiya ta fi ta baya tsawo. Muna tsaye a barandata muka ga buhunan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya rufe kabarin, ya shiga ƙarƙashin gidan Esekia, ya kashe mini murhu. Da ya janye, katakon matsaya babu shi, ya tafi da ƙusoshinsa. Kabarin yana nan daram ta wajen kai inda yake kan dutse. Ta wajen ƙafa kuwa, ɓangaren da ke kallon teku, ruwa ya rarake ƙasar ya bar rami, mutum zai iya zura hannu har kafaɗa.

Esekia ya durƙusa ya leƙa ramin. Ya tashi ya tafi wajen Saufoi da kansa, ya ce a tono ta ranar Asabar.

Ranar Alhamis da safe Esekia ya ƙwanƙwasa mini. A kafaɗarsa akwai tiyo fari, irin wanda ake ganin ruwa a ciki, wanda magina suke daidaita gini da shi.

"Zo ki riƙe mini."

"Yau kuma ni ce gwamnati?"

"Ruwa a cikin tiyo, bakin nan da bakin can tsayinsu ɗaya ne. Zan tsaya a kan tagullar da sanda, ke ki tsaya wajen baƙin dutsen da kike goge kwakwa a kai. Inda ruwan ya tsaya ki ja layi. In mun san tazarar, na kafa ƙusa a dutsen, awon bai ɓata ba."

"Dutsena za ka ɓata da ƙusa? In na zauna a kai fa?"

"Sai ki tashi."

Wannan ce magana mafi daɗi da na ji daga bakinsa a wata shida.

Muka cika tiyon, muka kori kumfar ciki da ɗan yatsa. Na durƙusa a gindin dutsen da fensir, ruwan yana hawa yana sauka kamar mai numfashi. Yana can yana cewa, "Ya tsaya?" Ina cewa, "Yana tunani." Na ja layi. Ya ce a sake. Rana ta fito ta bugi rabin tiyon, rabi yana inuwa, layi na biyu ya hau sama da na farko. Ya lulluɓe tiyon da ganyen ayaba, muka sake, na uku ya faɗo ƙasa da su duka. Tsakanin na sama da na ƙasa faɗin ɗan yatsana ne.

Na ce, "Ɗan yatsa ɗaya a teku guda, wa zai gani?"

Ya ce, "Ɗan yatsa ɗaya shi ne abin da muke nema tun farko."

Ya kafa ƙusar a kan layin tsakiya, ya rubuta duka ukun a littafin, da lokacin da aka yi kowanne.

Asabar da sanyin safiya fasto ya yi addu'a, mazan zuri'ar suka kewaye wurin da tabarmi. Esekia ya ce shi zai fara bugu. Ya sa kurfi ya zagaye tagullar ya ciro ta da ɗan guntun kankare, ya ajiye a gefe, sannan ya miƙa gudumar. Maza shida suka yi ta karɓa-karɓa har rana ta take. Kowa ya gaji sai ya juyo ya harari Esekia. Ɗaya ya ce, "Kawu, gidan yari ka gina mata?" Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri.

Mu mata muna cikin gida da farin zane a shimfiɗe, da kwanon ruwa, da man kwakwa. Ni da wasu tsofaffi biyu ne masu wankin, na yi wa mutum biyar kafin ita. Akwatin gawar ya ruɓe ta wajen ƙafa, yashi da ruwan gishiri sun cika shi. Aka dinga miƙo mana ƙasusuwan a faranti, muna wankewa, muna shafa mai, muna jerawa yadda Allah ya jera su. Tusiata na riƙe da kan. Ina yi ina yi wa Vaosa hira, don haka ake yi, ba a barin mutum ya ji kunya. Na ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya gudu. Na ce mata mijinki har yanzu bai iya dafa shinkafa ba.

Da muka zo ƙafar hagu, sai faranti ya daina zuwa. Ƙashin ƙauri yana nan. Daga idon sawu zuwa yatsu babu komai. Na aika a sake dubawa. Suka tace yashin ramin da hannu, suka tace na gefe. Ba su.

Ni aka bar wa faɗa. Na fita na sami Esekia a zaune a kan baro, Saufoi na tsaye kusa da shi.

Na ce, "Tafin ƙafar hagu. Ruwan Laraba ne."

Da Saufoi ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Ya dafa kafaɗar Esekia sau ɗaya, ya shiga ciki. Muka naɗe ta a ƙyallen ɓawon itace da tabarma mai laushi, aka hau da ita tudu ana waƙa. Aka ci alade da gwaza. Esekia ya zauna inda aka zaunar da shi, ya gode wa wanda ya kamata ya gode wa.

Dokar ta wuce a watan Afrilu. A rediyo na ji, tsakanin labarin farashin mai da na ƙwallo. Shekara biyar aka ƙara. Na leƙa ta taga na ce, "Mai gadin teku, an ɗaura auren." Ya ce ya ji.

Keala ta zo a Yuni, da abinta mai ƙafa uku da sabon katako. Yarinya ce mai hankali, ta fara hawa tudu ta ajiye fure kafin ta buɗe jaka. Ta duba ƙusar dutsena, ta karanta layukan nan uku a littafin, ta karanta kuma. Ta zauna a barandarsa ta cire hula.

"Baba, da katakon yana nan, da na haɗa da shi. Da tagullar tana inda take, da na haɗa da ita. Aikin tiyon nan ya yi kyau, ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba. Amma tazarar ta fi abin da ake karɓa. Ba za a zubar da shekarunka ba, za a ajiye su, a rubuta cewa akwai tsinkewa. Sai dai goma sha taran, daga yau za a fara."

Na ce, "Goma sha tara, doka kuma biyar-biyar. Sau nawa ke nan za a yi mana wannan rawar?"

Ta ce, "Sau huɗu, Gwaggo."

"To Allah Ya ba mai rai."

Ta miƙa wa Esekia sabon littafi. Bai karɓa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da makullin akwatin ya ɗora a kan littafin.

"Ki ba malamin makaranta, yana da ido. Ni na gaji, 'yata."

"Ba abin da zan yi maka?"

Ya ce, "Takardar nan da kuke bugawa, mai nuna ranar da ruwa zai fi janyewa da ƙarfe nawa. Ki dinga aiko mini."

Tana aikowa kuwa, duk wata uku. Ya manna ta a jikin ƙofa, ya zagaye ranakun da fensir. In ranar ta zo, sai ya gangara inda kabarin yake a da, wurin da yanzu sai ruwa ya ja baya sosai ake ganinsa, ya durƙusa yana tace yashi. Awa ɗaya yake samu, wani lokacin da rabi, kafin ruwa ya dawo. Rariyar garin fankena ya ara tun Yuli. Zuwa yanzu ya sami ƙasusuwa uku, ƙanana kamar tsakuwa, na duba na tabbatar nata ne, na wanke na shafa musu mai. Suna cikin gwangwanin shayi a naɗe da farin ƙyalle. Saufoi ya ce in sun taru a buɗe gefen sabon a sa mata.

Jiya na ce masa, "Tsoho, rariyar nan dai aro ce, ba sadaki ba."

Ya ce, "Alhamis ruwa zai janye ƙarfe goma da kwata. In kin gama suya ki zo, idona ba ya rabe su da murjani."

Na ce sai na ga yadda ciniki ya yi. Na riga na gaya wa masu bas kada su jira fanke ranar.